M35A2 ko M35A3: waɗanda suka riƙe motar sojan nan, ku faɗa mana abin da kuka gani

Mai tambaya, daga Ohayo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina tara kuɗi don in sayi ɗaya daga cikin tsofaffin manyan motocin sojan Amurka, mai ɗaukar kayan tan biyu da rabi ɗin nan da ake kira M35. Ina da ɗan fili a bayan gari, hanyarsa takan koma caɓi da zarar ƙanƙara ta narke, ga shi ina yawan ɗauko itace da tsakuwa. Yanzu guda biyu ne a gabana. Akwai A2 mai giyar hannu a wurin wani manomi, akwai kuma A3 mai atomatik wadda kuɗinta ya ɗara. Na karanta abin da ke takarda har na gaji. Wanda ya tuƙa, ya gyara, ta taɓa mutu masa a hanya, shi nake son ji.

Bakanike, daga Teksas

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A2 nake da ita shekara bakwai, kuma na kwance A3 guda biyu na mutane, don haka bari in fara da inji.

Injin A2 shi ne LDT-465, silinda shida, ƙarfinsa bai wuce doki 130 da 'yan kai ba. An ƙera shi ya sha mai iri-iri: dizal, kananzir, man jirgin sama, har fetur idan ta ɓaci, amma sai an zuba masa ɗan baƙin mai a ciki domin famfon ya samu santsi. Mutane na son wannan labari ƙwarai, sai dai ni a shekara bakwai dizal kawai nake ba ta, ita ma ta fi lafiya da shi. Abin da ya riƙe ni a kan A2 daban ne. Babu kwamfuta, babu wani abin da sai an kira gwani. Da sifana da littafin soja, TM 9-2320-361, wanda kowa ke iya saukewa kyauta, babu kusar da ba zan iya kwancewa a ƙofar gidana ba. Kayan gyara kuma ga su nan birjik, saboda tun farkon shekarun 1950 ake ƙera dangin motar nan, an yi su da yawan gaske.

A3 ba sabuwar mota ba ce, wannan shi ne abin da masu saye ba su cika sani ba. A shekarun 1990 soja suka kwashi tsofaffin A2 aka sake gina su, aka sa musu injin Caterpillar 3116 da giyabos ɗin Allison mai giya huɗu. Inji ne mai kyau, yana tashi da sauri, ba ya hayaniya kamar na A2. Amma ranar da injektocinsa suka buƙaci saiti, sai da kayan aiki na musamman, kuma ba kowane gareji ke da su ba. Na taɓa ajiye motar wani sati uku ina neman wanda zai ara mini.

Idan hannunka na shiga baƙin mai ba ka damu ba, A2. Idan kai mai kai wa gareji ne, lissafin ya canza.

Tsohon direban tirela, daga Jojiya

Yaro, kafin ka yi maganar inji, yi maganar birki. Ban ga wanda ya taɓo shi ba tukuna, kuma shi ne ke kashe mutum.

Yawancin A2 layin birkinsu ɗaya ne. Iska ke taimaka wa mai, man kuma layi guda yake bi zuwa dukkan ƙafafu shida. Tiyo ɗaya ya fashe, ko silindar ƙafa ɗaya ta zubar, shi ke nan ba ka da birki ko kaɗan, a cikin motar da nauyinta babu kaya ya kai tan shida. Ya faru da ni. Allah ya taimake ni a cikin fili ne, ina gangarowa a hankali, na taka feda ta tafi ƙasa kamar na taka auduga. Da giya da birkin hannu na tsayar da ita. Da na duba, tiyon roba ne na baya, daga waje lafiya lau, daga ciki ya ruɓe. Na yi shekara talatin ina jan tirela, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A3 layi biyu gare ta, ɗaya ya tafi ɗaya na nan. A wurina wannan kaɗai ya isa ya biya bambancin kuɗin. In kuwa ka nace sai A2, kada ka hau titi da ita sai ka canza dukkan tiyoyin birki, ka buɗe ƙafafun shida ka duba. Man birkin soja kuma DOT 5 ne na silikon, kada ka kuskura ka haɗa shi da na ƙananan motoci. Tukunyar man tana ƙarƙashin ƙafar direba, sai ka ɗaga wani ɗan murfi. Ni kullum kafin in tayar sai na leƙa.

Mai A3, daga Minisota

Baba ya faɗi gaskiya a kan birki. Ni A3 na saya saboda gwiwata ta hagu ba ta son kuloci, kuma ina son maiɗakina ma ta iya matsar da motar idan ba na nan. Sitiyarinta yana da taimakon iska. Wanda ya taɓa ƙoƙarin juya A2 tana tsaye cik ya san abin da nake nufi, kafaɗa ce ke biya.

Amma akwai abu biyu da ba wanda ya gaya mini. Na farko gudu. Na ɗauka tunda ta fi sabunta za ta fi sauri, ashe akasin haka ne. A2 tana da giya ta biyar mai sassauta wa inji, tana iya kaiwa mil 55 a awa. A3 ba ta da irinta, tawa tana kusantar mil 50 sai injin ya fara kuka. A babbar hanya kowa wuce ka yake yi, har masu tirela.

Na biyu taya. A3 taya shida gare ta manya, lamba 14.5R20, maimakon goma na A2. A cikin ƙanƙara da laka sun fi, ba gardama. Amma samun wannan lamba wahala ce, waɗanda za ka samu ma galibi sun tsufa a ajiye. Daga ƙarshe na koma 395/85R20 kamar yadda da yawa ke yi, har gudun ya ɗan ƙaru saboda sun fi tsayi. Na'urar nan kuma mai ƙara wa taya iska ko rage ta daga cikin mota, CTIS, ranar da take aiki abin sha'awa ce. Tawa kullum da safe sai in tarar da taya ɗaya ta kwanta. Na cire ta gaba ɗaya, na koma awon iska da hannu, na huta.

Bakanike, daga Teksas

Tunda an zo kan taya, ƙafafun A2 masu zobe ne, da tub a ciki. Zoben nan idan bai zauna daidai ba ka hura iska, fitowa yake kamar harsashi. Shagunan taya da yawa ba sa ma karɓa. Nemi masu gyaran tayar manyan motoci, suna da kejin ƙarfe da suke hurawa a ciki. Notocin gefen hagu kuma a juye suke kwancewa, na ga wanda ya karya biyu kafin ya gane.

Sannan kada ka taɓa ajiye A2 a cikin giya. Wani abu ya ture ta, injin na iya tashi da kansa. Ka bar ta a firi, ka ja birkin hannu, ka sa waigi.

Mai tan biyar, daga Merilan

Ku yi haƙuri in shigo da wata. Na yi ta jinkiri tsakanin A2 da A3, sai na tsallake duka na sayi M923A2, mai ɗaukar kayan tan biyar, ta hanyar gwanjon GovPlanet. Injin Cummins 8.3 mai turbo, atomatik, birkin iska zalla, sitiyari mai laushi kamar na ƙaramar mota. Tuƙinta ya fi na M35 daɗi nesa ba kusa ba.

Ban zo in ce ka bi ni ba, malam. Babu kaya ma tana kusan tan goma. Ranar da ta tsaya mini a hanya, motar janwe ta manyan motoci aka kira, kuɗin da na biya ya isa sayen tayoyi biyu. Ga batun lasin. Iyakar da ake duba wa lasin manyan motoci, CDL, ita ce laba 26,001, wato kusan kilo 11,800, nauyin mota haɗe da kayan da aka ƙayyade mata. M35 tana ƙasa da haka, tan biyar ta haura. Wasu jihohin na sassauta wa mai amfanin kansa ko manomi, wasu ba sa yi, don haka ofishin lasin jiharka za ka tambaya, ba mu ba. Don itace da tsakuwa a ɗan fili, tan biyar ta yi maka yawa.

Idan ta gwanjon gwamnati za ka bi, ka sani ba ranar da ka ci ake ba ka mota ba. Ni sai da na cike takardar bayanin abin da zan yi da ita, EUC, na jira amincewa, sannan na nemi SF-97 wadda da ita ake zuwa a yi rajista. Fitar da irin motocin nan daga Amurka kuma sai da izini, ga masu tunanin aika wa gida.

Wata 'yar'uwa, daga Ohayo

Ni maigidana ne ke da A2, amma ni ce na yi ta buga waya neman inshora. Kamfani huɗu suka ƙi da jin kalmar soja, na biyar ya karɓa a matsayin tsohuwar motar tarihi, da sharaɗin ba za a yi haya da ita ba. Ka samu inshora a hannu kafin ka biya kuɗin mota. Ka kuma duba dokar unguwarku, mu sai da muka kai ta gonar wani aboki saboda ba a yarda a ajiye irinta a ƙofar gida ba. Ƙararta kuwa, yaranmu ba sa shiga sai da abin toshe kunne.

Tsohon direban tirela, daga Jojiya

Ƙari ɗaya, yaro. Ka je ka ga motocin biyu da sassafe, ka ce kada a tayar kafin ka zo. Ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake. A A2 allurar da ke nuna ƙarfin baƙin mai takan ɗauki daƙiƙa goma zuwa sha biyar kafin ta tashi, saboda filtocinta na tsiyayewa idan ta kwana, wannan ba laifi ba ne. Ta wuce haka sosai, ka yi tunani. Shiga ƙarƙashi da tocila ka duba cikin ƙafafu ko akwai jiƙa, ka ɗaga tabarmar ƙasa ka ga tsatsa. Na ga A3 da ta shekara biyar a ciyawa, duk robobinta sun mutu, na kuma ga A2 ta zamanin yaƙin Biyetnam da ake tuƙawa kowane mako, tana tashi da bugu ɗaya.

Mai tambaya, daga Ohayo

Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Jiya na je na ga su biyun da sanyin safiya kamar yadda aka ce. A3 ta tashi nan take, amma tayoyinta biyu a kwance suke, sauran duk sun tsattsage a gefe, mai ita kuma ya ce rabon da ta hau titi shekara uku. A2 ta manomin ta yi hayaƙi fari na ɗan lokaci sannan ta daidaita, allurar mai ta tashi kafin in ƙirga sha biyu. Na shiga ƙarƙashi, ƙafar baya ta dama a jiƙe take da man birki.

Na nuna masa, ya rage kuɗi. A2 zan ɗauka, amma ba zan tuƙo ta ba, a kan tirela za a kawo mini ita, kuma ba za ta fita daga fili ba sai birkin ya zama sabo tun daga tukunya har ƙafafu. Inshora na samu ta waya yau da rana. Malam bakanike, tiyoyin roba nawa ne a layin birkin gaba ɗaya, kuma silindar ƙafa gara in sayi sababbi shida ko in canza robobin ciki kawai?