Yaya ake gano yawan amsoshin daidai idan ana rage maki a kan kuskure?

'Yar Aji Shida:

Assalamu alaikum. Ina roƙon malamai da duk wanda Allah Ya hore wa sanin lissafi da su taimaka mini a kan wani nau'in tambaya da ke yawan fitowa a darasin aljabara, wato inda ake ba da jimillar makin da ɗalibi ya samu a jarrabawar da ake rage maki idan an yi kuskure, sannan a ce a nemo yawan tambayoyin da ya ci. Ga wadda ke gabana. Jarrabawa ce mai tambayoyi 80, ana ba da maki 4 a kan kowace amsa ta daidai, ana kuma cire maki 1 a kan kowace amsar da ba daidai ba. Ɗalibi ya amsa dukkan tambayoyin, ya tashi da maki 230. Tambayoyi nawa ya ci? Idan aka raba 230 gida 4, abin da ke fitowa shi ne 57 da rabi, alhali kuwa babu yadda za a yi mutum ya ci rabin tambaya. Ina so in fahimci hanyar da ake bi, musamman idan aka ce ɗalibin ya bar wasu tambayoyi bai taɓa su ba. Haka kuma ina so in san ko lissafin yana nuna cewa a irin wannan jarrabawa gara mutum ya bar abin da bai sani ba da ya yi canke.

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam, 'yata. Raba 230 gida 4 ba zai ba ki amsa ba, domin 230 ɗin ba makin amsoshin daidai ba ne, ragowa ce bayan an riga an cire na kuskure. Hanya mafi sauƙi ita ce ki fara daga sama. Da ɗalibin ya ci dukkan tambayoyi 80, da ya samu 80 sau 4, wato 320. Ya samu 230, ke nan akwai giɓin maki 90 tsakanin abin da zai iya samu da abin da ya shiga hannunsa. Yanzu sai ki tambayi kanki: kuskure ɗaya, maki nawa yake jawo wa mutum asara? A nan ne yawancin ɗalibai ke cewa maki 1, kuma a nan ne lissafin ke lalacewa. Asarar maki 5 ce, domin ya rasa 4 ɗin da zai samu da ya ci, sannan an ƙara cire masa 1 daga wanda ya tara, kamar ɗan kasuwar da bai ci riba ba kuma uwar kuɗi ta taɓu. Idan kika raba 90 gida 5 za ki samu 18. Ya yi kuskure 18, ya ci 62. Ki gwada ki gani: 62 sau 4 ya ba da 248, a cire 18, saura 230.

Idan kuma an bar wasu tambayoyi babu amsa, kuma ƙa'idar ta ce ba a ba da komai ba a cire komai a kansu, to ki fitar da su gefe tun kafin ki fara. Misali, tambayoyi 100 ne, daidai maki 3, kuskure a cire 1, ɗalibi ya bar 12, ya samu 184. Waɗanda ya amsa 88 ne, saboda haka cikakken makinsa 264 ne, ba 300 ba. Giɓin 80 ne, kowane kuskure kuma asarar 4 ce, ke nan ya yi kuskure 20, ya ci 68. Wannan gwajin na ƙarshe, na mayar da amsa cikin tambaya, kada ki taɓa barinsa, domin ba ya cin lokaci kuma shi ne ke kama yawancin kurakurai.

Mai Nazari:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara sani. Sai dai ina ganin ya kamata ɗalibar ta riƙe hanyar aljabara ita ma, domin hanyar giɓi tana aiki ne idan an san yawan tambayoyin da aka amsa, kuma ba kullum ake faɗar hakan ba. A tambayarki ta farko, ki kira yawan amsoshin daidai x, na kuskure kuma ya zama 80 − x. Sai ki rubuta 4x − (80 − x) = 230. Ki lura da alamar ɗebewa da ke gaban baka, domin idan aka buɗe bakar, − x ɗin ciki yana komawa + x, sai a samu 5x − 80 = 230, wato 5x = 310, x kuwa 62. Biyar ɗin nan da ta fito ita ce dai asarar maki 5 da Malam ya ambata. Daga wannan rubutun kuma za ki ga wani abu mai amfani: idan an amsa dukkan tambayoyi 80, makin da za a samu dole ya rabu gida 5 ba tare da saura ba, don haka duk wanda ya ce ya amsa duka ya samu 232, to akwai kuskure a tambayar ko a ƙidayar.

Inda aljabara ta fi nuna amfaninta shi ne idan ba a faɗi yawan waɗanda aka bari ba. Ɗauki jarrabawa mai tambayoyi 30, daidai 4, kuskure a cire 1, ɗalibi ya samu 70. Idan x daidai ne, y kuskure, to 4x − y = 70, kuma x da y idan an haɗa ba za su wuce 30 ba. Ba zai yiwu x ya gaza 18 ba, domin 17 sau 4 bai kai 70 ba. Idan x 18 ne, y 2 ne, an bar 10. Idan 19 ne, y 6 ne, an bar 5. Idan 20 ne, y 10 ne, ba a bar ko ɗaya ba. Idan aka ce 21, y zai zama 14, jimilla 35, ta wuce adadin tambayoyin. Ke nan amsoshi uku ne ke iya yiwuwa, kuma shi ya sa irin wannan tambaya takan zo da lafazin "mafi ƙarancin abin da zai iya ci" ko "mafi yawa", ko kuma a ƙara wani sharaɗi da zai tsayar da amsa guda.

Abu na ƙarshe da zan ja hankalinki a kai shi ne karanta ƙa'idar ragin da kyau. A zagayen farko na jarrabawar UPSC ta ɗaukar manyan ma'aikatan gwamnati a Indiya, takardar farko tana da tambayoyi 100, kowace maki 2, kuma abin da ake cirewa sulusin makin tambayar ne, wato 2/3, ba sulusin maki ɗaya ba. Wanda ya amsa 90 ya samu 100, giɓinsa 80 ne daga 180, kowane kuskure asarar 2 da 2/3 ce, wato 8/3, kuma 80 a raba da 8/3 ya ba da 30. Wanda ya ɗauki 1/3 a matsayin ragin zai samu lambar da ba ta cika ba.

Uwar Ɗalibai:

'Yar'uwa, bari in taɓa ɓangaren tambayarki na canke, domin ana yawan tsorata ɗalibai a kansa ba tare da an zauna an lissafa ba. Hanyar ita ce a duba abin da canke yake kawowa idan an maimaita shi sau da yawa. A tsarin maki 4 da ragin 1 mai zaɓi huɗu, irin wanda ake amfani da shi a jarrabawar NEET ta shiga karatun likita a Indiya, idan mutum ya canki tambayoyi huɗu da ka, abin da ake sa rai shi ne ya ci ɗaya ya faɗi uku, ya samu 4 a cire 3, saura 1. Ke nan ribar rubu'in maki ce a kowace tambaya, kaɗan ce amma ba asara ba ce. A tsarin UPSC kuwa, cin ɗaya yana ba da 2, faɗuwa uku tana cire 2, an tashi babu ci babu asara. Wannan ba dace ba ne, da gangan aka tsara shi: idan zaɓi huɗu ne akan cire sulusi, idan biyar ne akan cire rubu'i, domin mai canke da ka ya tashi da sifili. Haka jarrabawar SAT ta shiga jami'a a Amurka take yi a da, tana cire rubu'in maki a tambayoyi masu zaɓi biyar, kafin a daina ragin a shekarar 2016.

Abin da ke sauya lissafin shi ne kawar da zaɓi. Da zarar kin tabbatar cewa ɗaya daga cikin huɗun ba shi ba ne, to a tsarin sulusin ma kin shiga riba, domin a tambayoyi uku za ki ci ɗaya ki samu 2, ki faɗi biyu a cire 4/3, saura 2/3. Amma ina so ki riƙe cewa wannan matsakaici ne na dogon zango. A tambayoyi biyar ko shida kacal, mutum yana iya faɗuwa dukkansu, don haka wanda ya san makinsa yana daf da iyakar da ake nema yana da hujja idan ya yi taka-tsantsan.

'Yar Aji Shida:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Hanyoyin biyu duka sun zauna mini. Saura abu ɗaya, Malam: idan tsarin ba ya cire komai a kan kuskure, amma yana ba da maki a kan tambayar da aka bari, shin hanyar giɓi tana aiki?

Malam Mai Alli:

Tana aiki, 'yata, sai dai a nan ba za ki fitar da waɗanda aka bari gefe ba, domin su ma suna da nasu lissafin. Gasar lissafi ta AMC 10 da AMC 12 a Amurka haka take: tambayoyi 25 masu zaɓi biyar, daidai maki 6, wadda aka bari maki 1.5, kuskure sifili. Ragin yana nan a ɓoye, domin wanda ya amsa ya faɗi ya rasa 1.5 ɗin da zai samu da ya ƙyale tambayar. A ce ɗalibi ya bar 4, ya samu 102. Cikakken maki 150 ne, giɓin 48. Kowace tambayar da aka bari asarar 4.5 ce, huɗun sun ci 18, saura 30. Kowane kuskure asarar 6 ce, ke nan ya yi kuskure 5, ya ci 16. A wannan tsarin canke da ka yana kawo 6 a raba gida 5, wato 1.2, wanda bai kai 1.5 ba. Idan an kawar da zaɓi ɗaya sai su yi kunnen doki a 1.5, sai an kawar da biyu ne canken zai kai maki 2, ya ɗara barin tambayar.