Taƙaitawa: rikicin ƙofa a VMware Converter

Jama'a, ga abin da na tsinta daga muhawarar nan kan tsohuwar sabar wani ofishi a Zoo Road, wadda Converter (manhajar da ake ƙaura da saba da ita, a kwafe ta zuwa virtual machine) ya ƙi haɗuwa da ita.

1. Baki ya zo ɗaya: kafin a taɓa komai, a gano wanda ya tare ƙofar 443, wato port ɗin da Converter ke sadarwa ta cikinsa. A buga netstat -ano, a ɗauki lambar PID (lambar da Windows ke ba kowace manhaja da ke aiki) da ke gaban 443, a nemo ta a Task Manager. In 4 ta fito, Windows ce da kanta, galibi ta hanyar IIS, manhajarta mai ɗaukar shafukan yanar gizo.

2. A nan aka rabu. Wasu sun ce a tsayar da IIS har a gama ƙaura. Wasu suka ce ina! Sabar da ma'aikata ke kanta ba a kashe mata komai, gara a sake girka Converter a ba shi wata ƙofa. Ni dai na bi na biyun.

3. Ba kullum rikici ba ne, wani lokaci katangar tsaro ce ta toshe. A buɗe 445 da 9089 a na'urar Windows, 902 zuwa ESXi (sabar VMware da za a kai kwafin), 22 in Linux ce.

4. Mutum biyu sun tuna mana: a tayar da janareta tun kafin a fara kwafi.