Fim ya faɗi kasuwa, kiɗansa ya tsira: ta ina ake fara tarawa?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana kiɗan orkestra na fim, wanda ke tafiya ƙarƙashin hoto, ba waƙoƙi irin na finafinan Indiya ba. Me ya sa ake rububin faifan kiɗan finafinan da masu kallo suka yi wa tofin Allah tsine? Kuma mai son tarawa daga nan Damagaram, me zai fara nema, yaya zai gane na gaske?

Mai Faifai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Mai tsara kiɗa shi ne kusan na ƙarshe da ake kira, bayan an gama ɗaukar hoto an yanka fim. Idan labari ya yi rauni, a kansa ake ɗora nauyin tsoro da tausayi da jarumtakar da ƴan wasa suka kasa kawowa, sai a sakar masa mara. Shi ya sa kiɗan irin waɗannan finafinai yake fitowa da jigo mai ƙarfi, ana iya saurarensa ba hoto.

Fara da Cutthroat Island na 1995. Fim ɗin ya yi asarar da ta shiga tarihi, amma John Debney ya ɗauki kiɗansa da London Symphony Orchestra da ƙungiyar mawaƙa, ƙahonin tagulla na tashi kamar kakakin fada ranar hawan sallah. Sai Krull na 1983, wanda James Horner ya tsara kiɗansa. Jerry Goldsmith kuwa shi ne sarkin wannan fage: Supergirl a 1984, King Solomon's Mines a 1985. A ganina King Solomon's Mines ya fi sauƙin shiga kunnen sabon shiga.

Ga yadda ake gwada kiɗa mai kyau: ka riƙe jigon da aka buɗe da shi, ka bi shi. Idan ya dawo a gogen Turawa cikin sanyi a wurin baƙin ciki, ya sake dawowa da ganguna a wurin faɗa, to an yi aiki. Idan hayaniya ce kawai daga farko har ƙarshe, bar shi.

Goggon Birni:
Malam Mai Faifai ya tsallake inda ake yawan asarar kuɗi. Kiɗan fim ɗaya yana iya zuwa iri uku. Akwai ainihin wanda aka ji cikin fim. Akwai faifan da aka fitar a zamanin, sau da yawa minti 30 zuwa 40 kawai, domin a Amurka ƙungiyar makaɗa tana karɓar ƙarin kuɗi idan za a sayar da kiɗan a faifai, sai kamfani ya taƙaita. Akwai kuma sabon ɗauka, inda wata orkestra ta sake kaɗa shi daga baya. Misali, kiɗan da John Barry ya tsara wa fim ɗin Raise the Titanic na 1980, ainihin zaren ɗaukarsa ya ɓace, sai a 1999 City of Prague Philharmonic ta sake kaɗa shi ƙarƙashin Nic Raine. Wanda ya tallata maka “cikakken na asali” na wannan fim, ka yi hattara.

Cikakkun bugu suna fitowa daga ƙananan kamfanoni: Intrada, La-La Land, Varèse Sarabande, Quartet a Sifen, Music Box a Faransa. Yawanci kwafi 1000 zuwa 3000 suke bugawa, in ya ƙare ya ƙare, farashi ya hau a hannun ƴan gwanjo. Kafin ka ba ɗan uwa mai dawowa daga Faransa saƙo, buɗe Discogs, shafin intanet mai jera bugun faya-fayai, ka kwafo masa lambar bugun da ke gefen kwali, ba sunan fim kaɗai ba. In ba haka ba zai kawo maka tarin waƙoƙi alhali kiɗan kake so.

Na jabu ba ya ɓuya. Juya faifan CD ɗin: na masana'anta bayansa fari ne kamar azurfa, da lambobi a zoben tsakiya, kuma waɗanda aka buga daga 1994 yawanci suna da lambar IFPI, wato lambar da ke nuna masana'antar da ta buga shi. Wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi.

Injiniya Garin Malam:
Goggo ta gama magana a kan saye. Saura zafinmu. A watan Afrilu da Mayu ɗakin kwano ya isa ya lanƙwasa faifan garmaho, kuma in ya lanƙwashe allura tsalle za ta riƙa yi. A jera su a tsaye, kada a ɗora wani kan wani, a ɗakin ƙasa in akwai, nesa da taga. CD ya fi juriya, amma ƙurar hunturu ce abokiyar gabarsa. A goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin karce mai bin da'ira shi ne na'ura ta kasa gyarawa. A kula da saman da aka yi rubutu ma: bayanan sun fi kusa da can, karce ɗaya mai zurfi ya kashe waƙar.

Ranar da faifai ya iso a kwafe shi. Manhajar kwafe CD ta Exact Audio Copy kyauta ce, a zaɓi FLAC, tsarin ajiye sauti da ba ya rage inganci, a bar AccurateRip, mai kwatanta kwafinka da na sauran mutane, ya tabbatar babu kuskure. Faifai ɗaya yakan ci mega 300 zuwa 400. Kada a matse shi zuwa MP3 mai ƙaramin inganci na 128, kiɗan orkestra ba ya jurewa: kuge yana komawa kamar ana soya ƙosai. A ajiye kwafi biyu a wurare daban, saboda ɗaukewar kuran tana kashe diskin kwamfuta.

FLAC da aka turo maka ta WhatsApp ko Telegram kuma, buɗe shi da Spek, manhajar da ke nuna zanen sauti. In ka ga sautin ya yanke tsaf wajen kilohaz 16, MP3 ne aka sauya wa riga.

Ɗan Zango:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Goggo, sabon ɗauka ke nan bai kai na asali daraja ba?

Goggon Birni:
A'a, ɗana. Sau da yawa ya fi shi tsabtar sauti. Abin da za ka duba shi ne gudu: mai jagorar sabon ɗauka ba ya bin hoto, yakan ja kiɗan faɗa ya yi nauyi. Saurari yanki ɗaya cikin fim ɗin, ka saurare shi a faifan, ka kwatanta mintocin kafin ka biya.