Tamostat ɗina mai waifai ta ɗauke gaba ɗaya, ku taimaka da shawara

Baban Biyu:
Salamu alaikum jama'a. Wata guda ke nan da na cire tsohuwar tamostat ta gidan, wato na'urar bango mai sarrafa sanyi da ɗumi, na saka sabuwa irin mai haɗuwa da wayar hannu ɗin nan, sati biyun farko lafiya lau, daga baya sai ta fara nuna min wai batir ya yi ƙasa, waifai ya riƙa yankewa, wani lokacin ma cikin dare sai in ji injin sanyi da ɗumin gidan yana ƙas-ƙas kamar zai tashi sai ya fasa. Wayoyi huɗu ne a bango, R ta wuta da W ta ɗumi da Y ta sanyi da G ta fanka. Jiya haushi ya kama ni na zare ta na sake tura wayoyin, gaskiya ban kashe wuta ba, tun daga nan fuskarta baƙi ƙirin, ba sanyi ba ɗumi. Na ƙone ta ne ko kuwa? Akwai yara ƙanana a gidan shi ya sa hankalina ya tashi.

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Matsala biyu ce ta haɗe maka, mu fara da ta jiya. Wayar R ita ke ɗauke da wuta bolt 24 daga taransifomar da ke cikin injin, to da ka zare ba ka kashe wuta ba, in bakinta ya ɗan taɓa ƙarfe shi ke nan, fiyus ya tafi. A kan allon injin yake, ɗan ƙarami irin na mota, yawanci amp 3 ne ko 5, lambar na rubuce a kansa. Ka kashe babban makunnin tukuna, ka buɗe murfin injin ka zaro shi ka ɗaga wa haske, in zaren ciki ya tsinke ka gane. Ka sa mai lamba iri ɗaya, don Allah kar ka ce bari in sa babba don kar ya ƙara ƙonewa, taransifomar ce za ta ci wuta a madadinsa. Kuma murfin nan akwai ɗan makunni a bayansa, in bai zauna daidai ba wuta ba za ta shiga ba, mutane da yawa nan suke ruɗewa su ɗauka gyaran bai yi ba. In kana da mitar auna bolt ka auna tsakanin R da C (tashar da wuta ke komawa ta cikinta) a kan allon bayan ka mayar da wuta, ya kamata ka ga 24 ko ɗan sama da haka.

Maman Ilham:
Malam ni ma na sha wannan wahalar bara, asalin ciwon shi ne babu wayar C. Tsohuwar tamostat makunni ce kawai, ba ta cin wutar kirki, ita kuwa sabuwa ga fuska mai haske ga waifai dare da rana, dole sai wuta ta shiga ta R ta koma ta C. In babu C sai ta riƙa satar wuta kaɗan-kaɗan ta wayar Y ko W tana cika batir, wannan satar ce ke sa injin yake ƙas-ƙas yana zaton an kira shi. Kafin ka sayi komai ka ja kebul ɗin bangon a hankali ka leƙa, mu sai da muka leƙa muka tarar da waya ta biyar an naɗe ta an tura ciki tun asali ba a taɓa amfani da ita ba. Sai dai ka tuna ɗaya bakin nata ma sai an ɗaura shi a C na allon injin, in ba haka ba banza ce. Kuma kar ka bi launi, harafin da ke jikin tasha za ka bi, wanda ya fara haɗa wayoyin ba lallai ya bi tsari ba. Ka ɗauki hoto kafin ka kwance komai.

Mai Gyara:
Gaskiya Hajiya ta faɗa. In babu ta biyar akwai ɗan adafta da ake haɗawa a wajen allon, ko a mayar da G ta zama C a haɗa G da Y a wajen injin, amma fa fanka ba za ta ƙara tashi ita kaɗai ba. Ni na fi son a ja sabon kebul in da hali, an huta. Wani abu da na manta, ka duba tiren ruwan na'urar sanyi, in bututun ya toshe ruwa ya taru akwai makunnin da ke yanke wuta, a wasu gidajen R yake yankewa, tamostat ta ɗauke tamkar ta mutu.

Ɗan Lantarki:
Ga masu karantawa daga baya: duk wannan bayanin na siraran wayoyi ne masu bolt 24. In ka cire taka ka ga wayoyi masu kauri guda biyu ko huɗu, ko an rubuta 120 ko 240 a bayanta, wutar gida ce kai tsaye, ka mayar ka kira ma'aikaci, tana iya kashe mutum.

Baban Biyu:
Alhamdulillah, fiyus ne, mai lamba 3, na canza ta tashi nan take. Hajiya Allah ya saka da alheri, na tarar da wata shuɗiyar waya a naɗe cikin bango kamar yadda kika ce. A wajen injin kuma na ga tashar C akwai wata waya a ɗaure da ma, zan iya haɗa su biyu a wuri ɗaya?

Mai Gyara:
Eh za ka iya, waccan ta injin sanyi na waje ce, kar ka cire ta. Ka kashe wuta, ka sa su biyun ƙarƙashin sukurun ka ɗaure sosai, ka ɗan ja kowacce ka tabbatar ta kama, sannan ka shiga saitin tamostat ɗin ka ga ko ta nuna C.