Musayar Waƙa: Niarchos, Mai Jirage da Dawaki

Na-Bakin-Ruwa: Salamu alaikum. Yau zancenmu kan Stavros Niarchos ne, attajirin Girka mai jiragen ruwa da dawakin sukuwa. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "wa". Ga buɗi.

Bismillah, alƙalamina ya sha tawada,
Labarin Bagirke nake ɗaukowa.

A 1909 aka haife shi a Girka,
A injin niƙan kawunnai ya sami gogewa.

Alkama daga nesa ake kawo musu,
Kuɗin dako na cinye ribar sayarwa.

Shi ya ja hankalinsu su mallaki jirgi,
Tun daga nan arzikinsa ya koma jiragen ruwa.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke,
Ya sa kaki, ya shiga sojan ruwa.

Bayan yaƙi Amurka ta yi gwanjon jirage,
Masu suna Liberty, ya shiga kwasowa.

Daga nan sai tankokin dakon man fetur,
Kowane sabo ya fi na jiya yalwa.

Gwaggon Zaure:

Malam, sannu da aiki, amma dakata,
Kirarin nan naka ya yi yawa.

A 1956 aka toshe mashigin Suez,
Rikicin Masar ya hana kowa wucewa.

Jirgin da kan yanke ya kai mai Turai,
Sai ya zaga Afirka kafin isowa.

Hanya ta yi tsawo, kuɗin dako ya hau,
Mai babban tanki ya kwana ƙirgawa.

A 1967 aka sake rufe ta,
Shekara 8 cur babu buɗewa.

Faɗuwar wani tashin wani ce, Malam,
Wasu na makoki, shi yana ƙaruwa.

Na-Bakin-Ruwa:

Gwaggo, na ji, kuma ban musa miki ba,
Sai dai ruwan sama kan kowa yake zubowa.

Mai randa a tsakar gida shi ke tara,
Mai ƙoƙo ya sha, bai da na ajiyewa.

Tun 1954 babban tankinsa World Glory ke kan teku,
Shekara 2 kafin a yi rufewar.

Wa ya gaya masa za a toshe hanya?
Lissafi ya yi tun ana ganin wauta.

Gwaggon Zaure: Malam, baitocinka biyu na ƙarshe sun zame daga amsa-amo. Kai ka sa dokar, kai ka fara karya ta.

Ɗan Barga:

Baba, Gwaggo, ku ba yaro hanya,
Ni ta ƙofar barga nake shigowa.

A 1978 ya je gwanjo a Kentucky,
Ya ga ɗan dukushi mai ban sha'awa.

Dala miliyan 1.3 ya zube a kansa,
Nureyev, sunan da ake kirawa.

1980, filin Newmarket a Ingila,
Gasar 2000 Guineas ake bugawa.

Ya keto tsakiyar dawaki kamar iska,
Shi ya fara taka layin gamawa.

Alƙalai suka ce ya bangaji wani a hanya,
Suka mai da shi na ƙarshe, babu ɗagawa.

Mutumin da kyaftin-kyaftin ke wa ladabi,
Ga shi tsaye, hukunci yake karɓowa.

Dokin bai ƙara shiga wata gasa ba,
Ciwo ya kama shi, ya koma haifuwa.

'Yarsa Miesque ita ta share hawaye,
Goɗiya mai ƙafa kamar tana tashi sama... a'a, walƙawa!

A Amurka ta ci Breeders' Cup na mil ɗaya,
1987, ta dawo 1988 ta yi maimaitawa.

Freddy Head ne a kanta duk biyun,
Kafin ita babu dokin da ya yi ninkawa.

Gwaggon Zaure:

Ɗana, "walƙawa" ka ƙago don ka tsira,
Na bar ka, don labarin ya yi ratsawa.

Amma ku biyun kun tsallake Onassis mai jirage,
Abokin gabar da ya hana shi hutawa.

Gida ɗaya suka je neman aure,
'Ya'yan Livanos, shi ma sarkin ruwa.

Onassis ya sayi tsibirin Skorpios,
Niarchos na Spetsopoula yana shaƙatawa.

Wancan na da jirgin yawo Christina,
Wannan na da Creole mai filafilai da yawa.

Eugenia matar Niarchos ta rasu a 1970,
A 1971 ya auri Tina, ƙanwa.

Tinar nan tsohuwar matar Onassis ce,
Wannan kuma, Malam, wane lissafi za ka kirawa?

Na-Bakin-Ruwa:

Gwaggo, a nan kam na ajiye garkuwata,
Sha'anin gidan mutum ba ni tonawa.

A 1996 ya rasu a Zurich,
Gidauniya da sunansa ta fara rabawa.

Ta gina wa Girka ɗakin karatu na ƙasa,
A 2017 ta miƙa wa hukuma kulawa.

Ɗan Barga:

Baba, ka san filin da aka kafa ginin?
Tsohon filin sukuwa ne, nake gaya wa kowa.

Kuɗin mai doki sun zauna gurbin dawaki,
Gwaggo, ga baiti, saura ki yi rufewa.

Gwaggon Zaure: Ba zan rufe ba sai Malam ya gyara baitocin nan biyu.