Wai me Miriam Makeba ta yi har aka hana ta komawa ƙasarsu shekara 30?

Ummu Hanan:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin tarihi ku taimaka, ƙanwata ce aka ba su aiki a makaranta kan matan da suka yaƙi wariyar launin fata, ita aka ba ta Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu. To ni abin da na sani nata Pata Pata ce kawai kuma ai waƙar rawa ce, ba zagin gwamnati a ciki, me ya yi zafi har aka raba ta da gida?

Malam Na-Tudu:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ai ba wannan waƙar ba ce, ita sai 1967 ta game duniya, lokacin an daɗe da rufe mata ƙofa. A 1959 ta fito a wani fim da aka ɗauka a ɓoye yana nuna yadda baƙar fata ke rayuwa a Johannesburg, ta tafi Turai wajen nuna shi, a Landan ta haɗu da mawaƙin nan Harry Belafonte ya taimaka mata ta shiga Amurka. Sai a Maris 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, masu zanga-zanga kan takardar fas da ake tilasta wa baƙi yawo da ita a ƙasar haihuwarsu. A shekarar mahaifiyarta ta rasu, ta tashi za ta tafi jana'iza kawai ta tarar an soke fasfonta. A 1963 kuma ta tsaya gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗi abin da ake yi wa mutanenta ta roƙi ƙasashe su juya wa gwamnatin baya, shi ke nan aka ƙwace mata zama 'yar ƙasa aka haramta sai da faifanta.

Maman Sadiƙ:
Wallahi ni maganar jana'izar nan ce ke taɓa min zuciya, uwa fa, a ce ba ka ga gawarta ba. Kuma uwar da suka sha wahala tare tun farko, don tana da kwana 18 a duniya aka kama uwar kan tana dafa giyar gargajiya tana sayarwa, wata 6 jaririyar ta yi a gidan yari a goye. Sannan ki gaya wa ƙanwarki kar ta rubuta kamar Amurka ta riƙe ta hannu bibbiyu har ƙarshe. Eh ta yi waƙa a bikin ranar haihuwar shugaba Kennedy a 1962, ta ci kyautar Grammy a 1966 ita da Belafonte, amma tana auren Stokely Carmichael a 1968, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka mai zafin harshe, sai aka dinga soke mata wasanni da kwangila ba laifin tsaye ba na zaune, dole suka tattara suka koma Gini wajen shugaban ƙasar Sekou Toure. A can 'yarta ɗaya tilo Bongi ta rasu a 1985 sanadin haihuwa, Allah sarki.

Ɗan Maraɗi:
Duk gaskiya ne yaya, amma akwai inda nake da ja. Sekou Toure ɗin da ya ba ta masauki har ta wakilci Gini a Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ne fa mai kurkukun Boiro inda Diallo Telli, sakataren ƙungiyar haɗin kan Afirka (OAU) na farko, ya mutu a tsare a 1977. Mai yaƙi da zalunci tana zaune inuwar wannan gwamnatin, dole a yi tambaya.

Malam Na-Tudu:
Tambayarka na kan hanya Ɗan Maraɗi kuma ba na wanke Sekou Toure, ya kashe mutane. Amma ka duba matar da ƙasarta ta kore ta, Amurka ta toshe mata hanyar abinci, ga 'ya ga jikoki, ina za ta? Ni na fi auna ta da abin da ta rasa saboda ta ƙi yin shiru, don da ta kama bakinta ta yi ta waƙar rawa da ba mai taɓa ta. Ummu Hanan a ƙara wannan, ta zo Legas bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, ta koma gida a Yuni 1990 bayan an saki Mandela kuma shi ya roƙe ta ta dawo. Rasuwarta a Nuwamba 2008 ne a Castel Volturno ta Italiya tana da shekara 76, zuciyarta ce ta buga bayan ta gama waƙa a taron mara wa marubuci Roberto Saviano baya kan 'yan daban Camorra, waɗanda wata 2 kafin nan suka harbe 'yan Afirka 6 a garin, har da 'yan Ghana.

Ummu Hanan:
Innalillahi. Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara sani. Zan ce mata ta sa maganar Ginin ma yadda kuka yi ta, kowa da hujjarsa.