Da ƙasar Wata za a gina sansanin farko, ko daga Duniya za a kai ɗakunan?

Injiniyan Gini: Assalamu alaikum. Ina so 'yan zaure su auna mini wannan ra'ayi: tsarin da hukumomin sararin samaniya suka fi karkata a kansa, na ƙera ɗakunan zama a Duniya a riƙa harba su ɗaya bayan ɗaya ana harhaɗawa a kan Wata, ɓarnar dukiya ne, kuma abin da ya kamata a fara aikawa shi ne injinan gini. Tsakaninmu da Wata akwai tazarar kilomita dubu 384, kuma duk kilo ɗaya da za a sauke a can sai an ƙona mai ninkin ba ninkin nauyinsa, alhali ga turɓaya nan shimfiɗe kyauta. Tun a 2013 hukumar sararin samaniya ta Turai da kamfanin Foster + Partners suka nuna zanen gidan da na'ura za ta zuba bangonsa da ƙasar Wata, kuma a Nuwamban 2022 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ba kamfanin ICON na jihar Texas kwangilar dala miliyan 57.2 don wannan fasaha. Ita ma Sin tana shirin gwada buga bulo a can da kumbon Chang'e-8.

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam, Injiniya. Lissafinku na nauyi daidai ne, amma kun ɗauki ɗakin Wata a matsayin ginin da nauyi ke danne shi daga sama, alhali matsalarsa akasin haka ce. Bakan gizon da magina ke ɗaurewa da azara a soron gargajiya yana tsayawa ne saboda nauyin rufi yana matse shi ƙasa, ita kuwa ƙasa tana jure matsa, ba ta jure ja. A Wata babu iska a waje, saboda haka iskar da mutane za su shaƙa a ciki ita ce ke tura bango da rufi zuwa waje, da ƙarfin da ya kai kusan tan 10 a kan kowace murabba'in mita. Kada ku ce nauyin ƙasar da aka labta a sama zai danne ta, domin a Wata kowane abu kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa yake yi, kuma idan aka lissafa sai an jibga ƙasa mai kaurin kusan mita 40 kafin ta yi daidai da wannan turi. Ko an rage matsin iskar zuwa rabi, mita 20 ba wasa ba ce. Shi kansa zanen 2013 da kuka kawo hujja da shi, a cikinsa akwai rumfar da ake hurawa wadda za a kawo daga Duniya, ita ce ke riƙe iskar, ƙasar kuwa sutura ce kawai a bayanta.

Injiniyan Gini: To ai suturar ita ce mafi nauyi a cikin aikin gaba ɗaya, Malama. Idan ana buƙatar mita biyu ko uku na ƙasa a kan kowane ɗaki, babu rokar da za ta ɗauko makamancin wannan garkuwa daga Duniya, don haka injinan ne gaba, ɗakunan na biye.

Likita: Ina tare da Injiniya a kan garkuwa, ina saɓa masa a kan sauran. Na'urar Jamus da ke jikin kumbon Chang'e-4 na Sin ta auna radiyeshin, wato hasken da ba a gani mai cutar da jiki, a doron Wata a 2019, aka samu ya ninka na cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa fiye da sau biyu da rabi, kuma wannan a ranakun da Rana take kwance lafiya ke nan. A watan Agustan 1972, tsakanin tafiyar Apollo 16 da ta Apollo 17 da Amurkawa suka yi zuwa Wata, Rana ta yi wani aman radiyeshin da da ya riski mutum a fili da kayan sama jannati kawai, da ya jikkata shi ƙwarai. Saboda haka dole a binne wurin kwana. Amma binnewa ba ta buƙatar na'urar zuba bango, ƙaramar motar kwasar ƙasa da buhuna sun wadatar.

Dalilin da ya sa na fi riƙo da ɗakuna daban-daban masu ƙofar da ake dannewa a tsakaninsu shi ne abin da ya faru a tashar Mir ta Rasha a watan Yunin 1997, lokacin da kumbon dakon kaya na Progress ya yi karo da ɗakin Spektr ya huda shi, iska ta fara zurarewa. Mutum ukun da ke ciki sun tsira ne domin sun iya rufe wannan ɗaki guda su bar shi, kodayake sai da suka yanke wayoyin wutar da aka bi da su ta bakin ƙofar kafin ta rufu. Babban ɗaki guda da aka zuba da ƙasa, idan ya tsage, ina za a gudu? Daga Wata zuwa gida tafiyar kwana uku ce, in ma kumbon yana shirye.

Ɗalibi: Malamaina, ina neman a haska mini. Na karanta cewa kumbon Kaguya na Japan ya gano wani rami a tsaunukan Marius a 2009, wanda ake zaton ƙofar kogon da narkakken dutse ya bari ce. Me zai hana a ajiye ɗakunan a cikin kogo, a huta da gardamar garkuwa?

Malamar Kimiyya: Tambayarka tana kan hanya, sai dai ramin Marius yana nesa da inda ake son zama. Hankalin kowa yana ƙuryar kudu ta Wata ne, wajen ramin Shackleton da maƙwabtansa, saboda ƙanƙarar ruwa da ke cikin ramukan da Rana ba ta taɓa leƙawa, wadda binciken kumbon LCROSS na NASA ya tabbatar da alamarta a ramin Cabeus a watan Oktoban 2009. Sannan saukar da ɗaki mai nauyin tan da yawa cikin rami mai zurfin gomman mitoci wani aiki ne da ya fi binnewa wuya.

Injiniyan Gini: Likita, akwai aikin da buhu ba zai yi ba. A Nuwamban 1969 Apollo 12 ya sauka kimanin mita 160 daga kumbon Surveyor 3 da ya riga shi sauka a can, kuma da aka dawo da sassan Surveyor ɗin aka tarar ƙurar da injin sauka ya feso ta goge jikinsa. Wancan ƙaramin kumbo ne in aka kwatanta da irin su Starship, babban kumbon kamfanin SpaceX. Idan kuka jera ɗakunanku, kumbo na biyu da zai sauka shi zai yi musu ruwan tsakuwa, sai fa in an riga an daɓe filin sauka, an tayar masa da ganuwa, an shimfiɗa hanya. Wannan duk gini ne, kuma da ƙasar Wata za a yi shi. Kun san kuma yadda ƙurar ta dami ɗan sama jannati Harrison Schmitt a Apollo 17 da atishawa da ƙaiƙayin ido, ta kuma ci kayan sawarsu cikin kwana uku kacal.

Likita: Na sani sarai, shi ya sa nake ganin zauren shiga, inda ake tuɓe kaya a kakkaɓe ƙura, ya zama ɗaki mai zaman kansa da za a iya cirewa a sauya idan robar ƙofofinsa ta cinye.

Malamar Kimiyya: Filin sauka na yarda da shi, Injiniya, domin dakali ne da ba ya riƙe iska, in ya tsage ba wanda zai mutu nan take. Amma da wace wutar za ku narkar da ƙasar? Sai an gasa ta da zafin da ya haura digiri 1,000 kafin ta haɗe, kuma a mafi yawan Wata dare ɗaya kwana 14 ne na Duniya. A ƙuryar kudu akwai tuddan da hasken Rana ke daɗewa a kansu, amma ƙanana ne, kuma ƙanƙarar tana can ƙasan ramuka masu sanyin da ya wuce digiri 200 ƙasa da sifili, sai an ja waya mai nisa. NASA ta gwada ƙaramar tukunyar nukiliya ta Kilopower a jihar Nevada a 2018, ta kuma ba da kwangilar zana mai kilowat 40 a 2022, amma har yanzu babu wadda aka kunna a Wata. Injinanku kuma za su lalace, ƙura za ta shiga gaɓoɓinsu, kuma wanda zai gyara su yana buƙatar wurin kwana mai iska tun daga daren farko.

Injiniyan Gini: Motocin Lunokhod na Tarayyar Sobiyet sun yi aiki a Wata a 1970 da 1973 ana sarrafa su daga Duniya, babu makanike a kusa, kuma na farkon ya yi wata goma yana yawo.

Malamar Kimiyya: Yawo ya yi da kyamara, bai haƙa ƙasar da za ta rufe ɗaki ba. Ku kawo mana lissafin tan nawa na ƙasa filin saukar zai ci, da kilowat nawa na'urarku ke sha, sai mu ga ko faranten hasken Rana za su iya ɗaukarta kafin tukunyar nukiliya ta iso.